Zaren Awon Kai

Bari in fara da wautata, don kada wani ya riga ni faɗa. Shekarar da yara suka rungumi dangwalar waya, wadda suke kira mainin, ni ma na shiga, da furfurata da komai. An ce kana zaune a ɗakinka, ka riƙa taɓa fuskar waya da yatsa, wani abu yana taruwa a ciki, wata rana ya fashe ya zama kuɗi. Na tambaya wa zai biya, aka ce Turawa. Na tambaya me Turawa za su yi da dangwalata, aka ce, Baba, kai dai danna. Na kuwa danna. Na danna bayan asuba, na danna bayan azahar, har babban yatsana ya kumbura, matata Asabe ta riƙa gasa mini shi da ruwan ɗumi tana kau da kai wai don kada in ga tana dariya. Ranar da aka ce ta fashe, abin da ya faɗo mini bai isa sayen man zafin da aka shafa wa yatsan ba.

Saboda haka idan kun ji ina yi muku surutu a kan aikin zaman gida, ku sani ba wani mai wayo ne yake magana ba. Abu ɗaya na tsinta a wannan wahalar: duk aikin da aka kasa gaya mini wanda zai amfana da shi, yanzu ba na sa masa hannu. Nawa aikin kuwa ko yaro ya san mai amfana da shi. Wankin hula nake yi. Sunana Garba, amma a garin Bauchi in ba ka ce Garba Mai Hula ba, wani Garban za a nuna maka.

Samarin unguwarmu a Tirwun sukan wuce su gan ni zaune a zaure, keke ya kawo leda, keke ya ɗauki leda, ni ban taka ko'ina ba, sai su ce Baba ya samu hanya mai sauƙi. Wani har ya ce mini ai ruwa ne da sabulu, ko ƙanwarsa za ta iya. Na ce ya ɗauko hular babansa ta Juma'a ya gwada a gabana. Bai dawo ba, na kuma yaba masa, domin da ya gwada, da sai an raba shi da uban.

Hular farko da na ɓata ƙube ce, fara mai aikin ja. Lokacin ina ɗan saurayi a rumfar Malam Modu, wani Babarbare mai wankin hula a gefen kasuwar Wunti. An kai ni wurinsa ne bayan malaminmu na aji uku ya gaya wa babana gaskiya a kaina, babana kuma ya yarda ba tare da gardama ba. Na daɗe a rumfar ban taɓa hula ba. Ɗebo ruwa, hura gawayi, dama sitacin rogo, a ce ya yi kauri, in ƙara ruwa, a ce ya tsinke. Ranar da Malam Modu ya tafi ta'aziyya na ce yau zan nuna masa ni ma na iya. Na jiƙa ƙuben a ruwan zafi na tafi cin ƙosai. Na dawo na tarar jan ya bi farin, hula ta koma launin ruwan da aka wanke nama. Malam Modu bai dake ni ba. Ya sallami mai hular da wata sabuwa, ya ɗora mini ɓatacciyar a kai, ya ce kada ya kuskura ya gan ni ba ita. Na sa ta har ta yage. Duk kasuwa ana tambayata wa ya yi mini wannan aika-aika, ina cewa ni ne.

A nan na koyi cewa hula ba riga ba ce. Ruwan sanyi take so, kuma ba a barinta a ciki a tafi yawo. Mai duhu daban, mai haske daban. Buroshi mai laushi, ka bi ɗinkin yadda ya kwanta, in ka gitta shi sai zaren ya tashi kamar gashin mage da ta ga kare. Dattin gaske ba a waje yake ba, yana ciki, a bakin nan da gumi da man kai suke taruwa, kuma a nan ake gane wanda ya wanke da wanda ya jiƙa kawai. Ba a matse ta. Da danshinta ake sa mata sitaci, da ɗan ƙaro kaɗan don ta yi sheƙi, sannan a zura ta a itacen da aka sassaƙa kamar kan mutum marar fuska. Mu kawuna muke ce wa waɗannan itatuwa. A kansu take bushewa, a kansu ake bin ta da dutsen guga na gawayi, an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani. Sannan kari, wanda shi ne ƙarshe, kowa kuma da irin nasa: akwai mai son ta miƙe, akwai mai son ta ɗan rusuna ta gaba.

Amma duk wannan ana iya koya wa mutum a damina ɗaya. Abin da ya ci mini shekaru shi ne kallon kai. Hula in ta sha sitaci ta bushe, girman itacen da aka sa ta take ɗauka, ba ta sake jin magana. In itacen ya yi ƙarami ta ciji goshi, in ya yi girma ta sauko ta zauna a kan kunne. Ranar Juma'a Malam Modu yakan zaunar da ni a bakin hanya, mutane suna wucewa masallaci, ya nuna wani da leɓe ya ce, wancan wane itace? In na yi kuskure ya danƙwashe ni. Har na kai mutum yana sallama na san itacensa kafin in amsa. Kawunan mutane ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kama da ƙwarya, akwai mai kama da ƙwai, akwai wanda ƙeyarsa ta yi nisa da shi kamar tana fushi. Ni kuwa Allah ya ba ni baki, ba wanda ban raɗa wa suna a zuciyata ba.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka faɗaɗa titi. Rumfar da na gada daga Malam Modu tana cikin abin da aka kwashe. Na koma raɓe a jikin katangar wani, damina ta zo da ƙarfi, ba inda zan shanya, hulunan mutane suka yi fumfuna a hannuna, wasu masu su ba su sake gaishe ni ba. A shekarar ce kuma gwiwata ta dama ta ce ita ta gama aiki. Ɗana ya kwashe mu zuwa ɗan gidan da ya gina a Tirwun, aka jibge kawunana a bayan ɗaki kamar itacen girki. Zaman nan ne ya kai ni ga dangwalar waya.

'Yata Saudatu ce ta fitar da ni. Ita tana gidan mijinta tana sayar da atamfa ta waya, ba ta da shago. Ta zo ta gan ni da yatsa a naɗe, ta ce, Baba, kana da sana'a a bayan ɗaki kana neman ta Turawa. Ta sa na wanke tsohuwar hular mijinta, ta ɗauki hotonta kafin wanki da bayan wanki, ta ɗora inda take tallata atamfofinta, ta sa lambata. Ta koya mini danna wurin da ake magana a aika, tunda rubutu ni da shi sai gaisuwa daga nesa. Muka yi magana da Isiya, wani magidanci mai keke napep a layinmu, shi zai riƙa karɓowa yana mayarwa. Kafin sallah ta zo, igiyar shanyar Asabe ta koma tawa.

Sai dai aikin gida ya zo da abin da ban taɓa tunani ba: hula tana zuwa, kai ba ya zuwa. Wani malamin jami'a daga Gubi ya aiko da hulunan zanna masu tsada. Na saurari muryarsa, murya ce mai kauri, na ce wannan babban kai ne, na zura su a babban itace. Washegari ya aiko mini hotonsa, hula ta rufe gira, kunnuwa sun lanƙwashe, bai ce komai ba sai hoton. Na karɓo na sake wankewa. Daga nan na fara cewa a gaya mini lamba. Wani ya ce ashirin da wani abu, wani ya ce hamsin da wani abu, ashe abin awon tela fuska biyu gare shi, kowa da wadda yake karantawa. Wasu kuma ƙarya suke yi, domin namiji ba ya son a ce kansa ƙarami ne, ba ya kuma son a ce ƙato ne.

Sai na koma ga abin da na iya. Na ce duk mai aiko da hula, a samu zare a zagaya kan mai ita, daidai inda hula take zama, a ƙulle, a sako mini a ledar. Zare ba ya ƙarya, ba ya kuma bukatar karatu. Ina ɗora shi a itace na san wurin zamansa. Don kada in riƙa tambaya kullum, sai na buga ƙusoshi a bangon zaure ina rataye zaren kowa. Da yake ban iya rubuta suna ba, kowane zare sai in ɗaura masa abin da zai tuna mini mai shi. Tela, maɓalli. Mai shagon lemo, murfin kwalba. Mai kiwon kaji, gashin kaza. Wani ma'aikacin banki na rasa abin da zan sa masa, sai na samu wuri, irin kuɗin da, a tarkacen Asabe na ɗaura.

To, ku tsaya a ƙofar zauren nan ku duba da idon wanda bai san ni ba. Tirwun sabbin gidaje ne, yawancin maƙwabta ba su san ni a Wunti ba. Ga tsoho ba ya fita sai masallaci. Ga baƙaƙen ledoji suna shiga suna fita. Ga hayaƙin gawayi. Ga kawunan itace jere a kan katanga. Ga bango cike da zare mai ƙulli, da gashin kaza, da wuri. Ba a daɗe ba magana ta zaga cewa tsohon nan aiki yake yi wa mutane, kuma ba wankin hula ake nufi ba.

Da na ji, abin da ya kamata in yi shi ne in kira mutane in nuna musu. Ban yi ba, saboda abin ya yi mini daɗi. Yaran da suke hawa katanga suna tsinke mini gwaiba suka daina. Mahaucin bakin titi ya fara yi mini gyara ba tare da na roƙa ba. In wani ya leƙo zaure, sai in ɗauki zare in riƙa kallonsa ina gyaɗa kai. Wata mata ta zo ta durƙusa ta ce shagonta ba ciniki, in taimaka. Na ce ta riƙa share ƙofar shagon da sassafe, ta kuma daina ɗaure wa masu saye fuska. Bayan kwana biyu ta dawo da kwanon ƙwai ta ce aiki ya ci. Asabe ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wasan nan naka wata rana a kan wani zai faɗa, ba a kanka ba." Na ce ta soya ƙwan.

A kan Rifkatu ya faɗa. Malamar firamare ce a Yelwa, mutanen kudancin jihar nan ne ita da mijinta Yohanna, wanda yake aikin gwamnati. Yohanna mutum ne mai son kaftani da hula, ofis da su, coci da su. Wani mai wanki ya tsuke masa hulunansa gaba ɗaya, kullum ya dawo gida da jan layi a goshi da ciwon kai, amma in ta yi magana sai ya ce hulunansa lafiyarsu ƙalau, kada a taɓa masa. Ta ga hotunan da Saudatu take ɗorawa, ta aiko mini da saƙon murya, tana so a gyara su a ɓoye kafin Kirsimeti. Na gaya mata zancen zare. Ta ce, Baba, ai ba zai tsaya ba. Ni kuma da bakin nan nawa na ce, to ki jira ya yi barcin rana.

Ranar Lahadi bayan sun dawo coci ya ci abinci ya miƙe a doguwar kujera. Ta ɗauko jan zare ta lallaɓa ta zagaya masa kai, ta ƙulle. Abin da ba ta lura ba shi ne surukarta, mahaifiyar Yohanna, wadda ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, tana tsaye a bakin labule. Tsohuwa tana kallo. Ta ga an ƙulle zare, ta ga an haɗa shi da hulunan ɗanta a baƙar leda, ta ga an miƙa wa mai keke. Ta bi Isiya waje ta tambaye shi ina za a kai, ya ce gidan Baba na Tirwun. Ta tambayi wata maƙwabciya mai 'yan'uwa a wajenmu, aka ce mata ai sananne ne, shi ne tsohon nan mai aiki da zare da gashin kaza. Da yamma Yohanna ya tashi yana cewa kansa yana sarawa.

Kafin mako ya zagayo an ce Rifkatu ta koma gidan yayanta ta zauna har dangi su zauna a kan maganar. Ta kira ni ta gaya mini. Ta ce ta yi bayani har muryarta ta dushe, shi Yohanna yana so ya yarda, amma uwarsa ta ce da idonta ta gani, kuma magana ta fara shiga cikin matan coci. In zaman nan ya tashi ba a gaskata ta ba, ba gidan kaɗai za ta rasa ba, har yaranta sai an riƙa nuna su. Na ce zan ɗauki bidiyon aikina in aika. Aka dawo mini da amsar tsohuwa, wai waya ba abin da ba ta iya nunawa.

Asabe ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko mini rigata ta fita, ta ajiye sandata a kai, ta koma madafa.

Ranar Asabar Isiya ya loda ni a keke da kawuna, da dutsen guga, da hulunan Yohanna da na riga na gama, da zarurrukan bango gaba ɗaya a ƙunshe a ɗankwali. Rabona da tsakiyar gari tun ana aikin titi. Gwiwa tana ƙara a kowane rami. Muka tarar da falo cike: Yohanna, da mahaifiyarsa a kan tabarma don ta ƙi kujera, da wani dattijon cocinsu, da yayan Rifkatu. Ita Rifkatu tana zaune can bakin ƙofa a kan ɗan benci, kamar baƙuwa a gidanta.

Na fara da kuskure. Na kwance ɗankwalin a kan teburin tsakiya don in nuna ba abin ɓoyewa, sai wuri ya gangaro ya tsaya a gaban dattijon, gashin kaza ya biyo shi. Bawan Allah ya janye ƙafafunsa a hankali. Na yi sauri na ce wannan na banki ne, wannan na mai kaji, wannan na tela, ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwanjo. Yayan Rifkatu ya rufe baki da hannu. Na zaro jan zaren, wanda na ɗaura wa guntun alli saboda malama ce ta aiko, na zagaya shi a itacen da ya dace, kowa ya ga ya zauna daidai. Na ɗauko hula guda na miƙa wa Yohanna na ce, ranka ya daɗe, gwada.

Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya dubi uwarsa, sannan ya sa. Ya ɗaga gira, ya sauke. Ya girgiza kai hagu da dama. Ya sa yatsa tsakanin hula da goshi ya zagaya. Can ya ce, a hankali, wannan ba ta cizo. Dattijon ya karɓi wata ya duba ɗinkin, ya tambaye ni ko ina wanke hular dara, na ce ina wankewa. Na ɗauka an gama, har na fara naɗe ɗankwali.

Tsohuwa ta ce ba a gama ba. Hausarta irin ta mutanen ƙauyensu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma ba wanda bai gane ta ba. Ta ce ta ga hula ta yi kyau, amma wanda ya iya mugun abu ba a hana shi iya wanki ba. Ta ce a garinsu ba a auna kan mai rai yana barci. Ta ce kuma ba ita ta raɗa mini suna ba, mutanen unguwata ne, in ƙarya suke yi me ya hana ni ƙaryata su tun tuni? Wannan tambayar na duba ko'ina a falon ban ga inda zan ajiye ta ba. Na ce, Mama, wauta ce da son gwaiba. Ba ta yi dariya ba.

Sannan ta ce, "Malam, kai ka ce zare ne kawai."

Na ce, "Zare ne kawai, Mama."

Ta ce, "To cire hula. Ni ma zan auna naka. Zan tafi da shi gida in ajiye. In kan yarona ya sake ciwo, na san inda zan fara."

Tun da gashina ya yi sallama da ni, ba macen da ta ga tsakar kaina sai Asabe, ita ma ba da son ranta ba. Ni da na shekara ina raɗa wa kawunan mutane suna, nawa ne ya fi kowanne abin magana: tsini a sama, ƙeya a baya, ga wani kwari a tsakiya da ruwa zai iya kwana. Ban da wannan kuma, ga tsohuwar da ban san ta ba, ban san garinsu ba, ban san abin da take ajiyewa a ƙarƙashin gadonta ba. Na dubi bakin ƙofa. Rifkatu ba ta kalle ni ba, tana kallon yatsun ƙafarta.

Na cire hular na ɗora a gwiwa. Da yake tsohuwa a ƙasa take, sai da Isiya da Yohanna suka kama ni na sauko na durƙusa a gabanta a kan gwiwar mai lafiya. Ta ƙi karɓar zarena. Ta kama gefen zaninta ta zaro baƙin zare mai tsawo da haƙori. Idonta ba ya gani sosai, don haka da lalube ta yi aikin, yatsunta masu sanyi suna bin goshina, suna bin bayan kunne, zaren ya zame daga ƙeya ta sake farawa.  Ta ƙulla, ta sake ƙullawa, ta ɗaga shi ta kalla a hasken taga, ta ce ashe ma kan ba shi da girma. Ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Sannan ta juya wajen ƙofa ta ce, "Rifkatu, kana zaune baƙo ya zo tun ɗazu ba ruwa? Tashi ka kawo masa."

Rifkatu ta tashi ta shiga madafarta. Yayanta ya sauke numfashi, dattijon ya ce a yi addu'a, suka yi tasu, na yi tawa. Na sha ruwan, aka kawo shinkafa na ci, na fito da hular dattijon a leda.

Tun daga ranar na sauke ƙusoshin bango. Yanzu zare in ya zo, na gwada, sai in mayar da shi cikin ledar mai shi, in sa wa itacen alama da alli. Na kuma daina cewa a auna kowa yana barci. Wanda ba zai tsaya a auna shi ba, ya zauna da hularsa mai cizo. Ranar Juma'ar da ta biyo na sa aka fito da kayan aikina ƙofar gida na yi wanki a gaban kowa, na wanke ta liman kyauta. Gwaibata ta koma hannun yara, mahauci ya koma yadda yake. Aiki kuwa bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi, don mutanen cocin su Yohanna kusan duk ni nake yi musu yanzu. Ina zaune a zaurena, rediyo yana yi, sitaci yana bushewa, ba wanda nake ɓoye wa abin da nake yi. In kuna neman aikin da za ku yi daga gida, ku nemi irin wanda za ku iya kwancewa a kan teburin mutane ku yi bayaninsa ɗaya bayan ɗaya, ko da wani zai janye ƙafa da farko.

Akwai dai abu guda da ban gaya wa Asabe ba. Ranar nan a Yelwa, na riga na shiga keke, Isiya yana ɗaure kawuna a baya, sai ga tsohuwa ta fito tana dafa bango. Ta matso har jikin keken, ta sunkuyo kusa da kunnena don kada ɗanta ya ji. Abin da ta faɗa ban ba ta amsa ba a ranar, ta koma ƙauyensu ban ba ta ba, har yau kuma ban samo ba.

Ta ce, "Malam, in zare ne kawai, me bakinka yake karantawa lokacin da nake aunawa?"